Tafiyar hidima zuwa ƙetare: tana gina bangaskiyar matasa, ko wutar kara ce?

Jagoran Matasa, Tawa

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki.

Wata ikilisiya a arewacin ƙasar Benin ta aiko wa tamu takarda, tana gayyatar zumuntar matasanmu su je su yi kwana goma suna taimakon gidajen da ruwa ya rushe wa ɗakuna. Mutum goma sha biyu sun ba da sunansu, maza bakwai mata biyar, daga shekara 18 zuwa 26. Yawancinsu ba su taɓa wuce Doso ba. Dattawa sun rabu biyu. Wasu sun ce a tura su, gani ya kori ji, yaron da ya yi wa matalauci hidima da hannunsa ba zai koma yadda yake ba. Wasu sun ce kuɗin mota kaɗai ya isa ya ciyar da gwaurayen ikilisiya har kaka, kuma an sha ganin yara sun dawo daga taro da zafi, bayan wata biyu ko addu'ar Laraba ba a ganinsu.

Shin irin wannan tafiya tana barin abu mai ɗorewa a bangaskiyar matashi? In tana bari, me ke sa ya kama, me ke sa ya lalace? Kuma in za a yi, yaya za a shirya ta? Ana son a tashi cikin Agusta, lokacin babban hutun lakwal.

Malamin Makarantar Littafi, Yamai

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Ɓangarorin dattawanku biyu kowa na da hujja, kuma abin da aka auna a wasu ƙasashe ya nuna haka.

A Amurka aka fi bincika wannan magana, don can ne abin ya zama ruwan dare. Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa a shekarun 2000 kusan mutum miliyan 1.6 daga majami'un ƙasar ke fita irin wannan gajeriyar tafiya kowace shekara. A 2009 Jenny Trinitapoli da Stephen Vaisey suka fitar da sakamakon binciken da ya bi matasan Amurka, aka yi musu tambayoyi, aka bar 'yan shekaru, aka sake komawa kansu. Waɗanda suka yi tafiyar hidima a tsakani sun fi takwarorinsu riƙe sujada da addu'a, abin da suka gaskata kuma ya ƙara zama daram. Wannan hujjar masu cewa a tura ke nan. Ta masu cewa a'a tana wurin Kurt Ver Beek, malamin jami'a da ya daɗe zaune a Honduras. Ya bi sawun Kiristocin da suka je gina gidaje bayan guguwar Mitch ta 1998. Da aka tambaye su, da yawa sun ce tafiyar ta canza su. Da ya duba abin da ake iya ƙirgawa, musamman baikon da suke bayarwa bayan sun koma gida, sai ya tarar canjin ɗan kaɗan ne. Ya kwatanta su da ɗanyen icce: ka tanƙwara shi mako guda ka saki, ya miƙe ya koma yadda yake. Mu da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sau da yawa muna manta igiyar da za ta riƙe shi har ya kama.

Amma kada a kwaso sakamakon Amurka a aza wa yaran Tawa. Abin da ke girgiza saurayin can shi ne ganin talauci ido da ido karo na farko. Yaron da ya tashi a Ader ya san rumbun da ya ƙare tun kafin shuka, ya san layin bido a bakin famfo. Rusasshen ɗaki ba zai ba shi mamaki ba. Abin da ke taɓa namu daban ne.

Mafi girma shi ne su ga kansu a matsayin waɗanda aka aika. Tun da ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, hoton da ke kan ɗan ikilisiya a ƙasar nan shi ne Bature ke zuwa, mu ke tarba. Ranar da yaro ya hau mota da kuɗin da tsofaffin ikilisiyarsa suka tara dala-dala, ya isa garin da ake jiransa, 2 Korintiyawa 8 takan buɗe masa yadda wa'azi goma bai buɗe ba: mutanen Makidoniya cikin tsananin talaucinsu suka roƙa a bar su su ba da nasu. A Najeriya ƙungiyar aika masu bishara ta CAPRO daga matasa masu bautar ƙasa ta taso, a Zariya, 1975. Ba mai arziki ba ne ya fara ta.

Na biyu yana da kaifi biyu. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Yaron da a ajinsu shi kaɗai ne, ya je inda majami'u ke da yawa ana waƙa da lasifika, zuciyarsa takan sami ƙarfi, ya san ba shi kaɗai ba ne. Wannan ganin kuma shi ke sa wani ya dawo yana raina majami'arsu mai benci takwas da fastonsu mai tsohon babur.

Na uku harshe ne. A can za su tarar da Dendi da Barganci da Fulatanci. Wanda ya saba shi ke jan waƙa da addu'a, sai ya zama ko ruwa sai ya nuna da hannu. Wannan ƙanƙancewar tana da amfani ƙwarai in akwai mai fassara masa ita.

Saboda haka shirin ya fi tafiyar tsawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi zama takwas, mako-mako, awa ɗaya da rabi. Biyu a kan Luka 10, a tsaya sosai a aya 17 zuwa 20, inda almajirai suka dawo da murna Yesu ya juya musu dalilin murnar. Biyu a kan talauci da bayarwa, da Yaƙub 2 da Matiyu 6. Biyu a kan gaisuwa da al'adar mutanen da za a je wa, kowa ya haddace aƙalla jimla ashirin cikin harshensu. Biyun ƙarshe a fita a yi aikin hannu a cikin Tawa, a gyara katangar wata tsohuwa ko a share mata gida. A nan za ka ga wanda ke son hidima da wanda ke son hawa mota. Wanda ya rasa zama uku ba dalili, a ba wani gurbinsa.

Dattijo Mai Riƙon Baitulmali, Tawa

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni ina tare da dattawan da suka tsaya kan kuɗi, kuma ina so ɗana Jagora ya ji dalilin da kyau.

Shi wannan Ver Beek ɗin da Malam ya ambata ya yi lissafi: a wancan lokaci a Honduras baƙi sun kashe sama da dalar Amurka 30,000 a kan gidan da 'yan ƙasar ke gamawa da 2,000. Namu bai kai haka ba, amma ciwon ɗaya ne. Ga ma'aunin da za ku riƙe: kuɗin da zai shiga aikin kansa, wato azara, kwano, ƙofa, ladan magini, kada ya gaza kuɗin mota da cimakar matasan. In jika ɗari za ta tafi a hanya, wata jika ɗari ta shiga gini. In ba ku iya haɗa biyun ba, ku rage yawan masu tafiya. Mutum shida da kayan aiki sun fi goma sha biyu hannu wofi.

Kowane yaro ya kawo kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tafiyarsa da guminsa, ko da dako ne ko sayar da ƙosai. Abin da aka ba yaro kyauta ɗungum, yawon buɗe ido yake ɗaukarsa. Kuma a faɗa tun zaman farko cewa babu perdiyam. Ƙungiyoyin agaji sun saba wa mutanenmu cewa duk tafiya da ambulan ɗin kuɗi take ƙarewa, in ba a kashe wannan zato da wuri ba, shi zai ci zumuncin a dare na uku. Ma'aji biyu, namiji da mace, littafi ɗaya, duk abin da aka saya a rubuta a ranar. Kashi ɗaya cikin goma a ware na ko-ta-kwana, kada a taɓa sai rashin lafiya ko mota ta lalace.

Agusta kuwa ku cire shi. Ba a buga tubalin laka cikin damina. Tubali yana son kwana uku ko huɗu a kwance, a tayar da shi a gefe ya ƙara wasu kwanaki a rana, hadari ɗaya ya isa ya mayar da aikin mako laka. Lokacin maimai ne kuma, iyayen yaran suna bukatarsu a gona, su ma masu masaukin suna nasu gonakin. Ku duba bayan Kirsimeti: an yi kaka, hatsi ya yi sauƙi, sanyi ya sauka, ƙasa ta bushe. In hutun bai kai kwana goma ba, bakwai ma ya isa. Ku aika kuɗi tun Nuwamba a buga tubalin kafin ku iso.

Matasanku 'yan aiki ne a ƙarƙashin maginin garin, kuma a biya shi cikakken ladansa. Su kwaɓa laka, su ɗebo ruwa, su miƙa tubali. Katangar da ɗan lakwal ya ɗora da idonsa takan karkace, damina ɗaya ta kwantar da ita a kan mutane. Magini ya san inda ruwa ya tsaya bara, ya san tsayin da za a ɗaga tushe.

Wane gida za a fara, wa za a ba hatsi, ba ku za ku zaɓa ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Ikilisiyar can ta zauna da mai gari su fitar da sunaye kafin ku zo, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya, bisa ga wanda ya fi shan wahala. Kada a taɓa ɗaura tiyar hatsi da zaman jin wa'azi. Yana jawo wa ikilisiyar can baƙin jini bayan kun tafi, ya kuma koya wa yaranku cewa ana sayen bangaskiya da gero. Wanda ya tambaye su dalilin zuwansu, su faɗa masa a fili cikin ladabi. Kada a yi rabo daga bayan mota, turmutsutsu yake kawowa, mai ƙarfi ya samu, tsohuwa ta koma hannu wofi. Kada yaro ya yi wa kowa alkawari, ko na keke ko na kuɗin lakwal. Duk roƙo a kai shi wurin faston can. Hoto kuma waya ɗaya ce ke ɗauka, da izinin mai gida, ba a ɗaukar mutum yana miƙa hannu yana karɓa. Yarinyar da ta kwana tana tunanin hoton da za ta sa a Facebook, hankalinta ya bar wurin matar da ke gabanta.

Lissafin cimaka ba wuya. Rabin kilo na hatsi ga mutum a yini. Matasa goma sha biyu da manya uku, kwana goma, kilo 75 ke nan, wajen tiya 30, bayan wake da mai da kayan miya. Ku je da shi ko ku saya a kasuwar can. Ikilisiyar da ruwa ya ci ba za ta ce muku ba ta da shi ba, za ta yanka akuyarta ta ƙarshe don kunya.

Saura hanya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gadar Gaya da Malanbil ta daɗe a rufe, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a 29 ga Janairu 2025. Jihar Alibori ta sha hare-hare a wajen dajin W. Kafin a karɓi kuɗin kowa, ku je wurin hukuma ku ji halin iyaka da takardun da ake nema, shugabannin ɗarikarku a Yamai su sa baki. Kowa da katin ɗan ƙasa ko fasfo, da takardar gayyata, da takardar aike mai sunayen duka da hatimin ikilisiya, da yardar iyaye a rubuce. Ba a tsallakar da 'ya'yan mutane a kwalekwale ta ɓarauniyar hanya da sunan aikin Allah. Ba tafiyar dare, ba sa ranar tashi a intanet. In wani Bature abokin hidima ya ce zai bi ku, ku tuna an sace Jeffery Woodke a Abalak a 2016, sai 2023 aka sako shi. Zuwansa yana ƙara haɗari gare shi da ku.

In iyaka ta ƙi, aika musu kuɗin ginin, matasan kuma su nufi inda za su zama baƙi a cikin ƙasa. Ku rubuta wa asibitin Galmi ko na Danja ta wajen Maraɗi ku tambaya ko suna da aikin hannu. Ko ku nemi ƙauyen da ke gyaran fako a wajen Illela da Badagishiri, inda manoma suka kawo ingantacciyar tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwa, bayan ziyarar Yatenga ta Burkina a 1989. Haƙar ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, mai faɗin mita huɗu, 313 a kadada guda, ta isa ta nuna wa saurayi abin da talaka ke sha kafin ya ci.

Malamar Jinya, Yamai

Baba ya gama da kuɗi da hanya, bari in ɗora na jiki, don yaro ɗaya da ya kwanta ya isa ya tsayar da aikin duka.

Rigakafin cutar shawara a yi shi aƙalla kwana goma kafin tashi, sai lokacin katin ke aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. In kun koma Disamba kamar yadda Baba ya ce, kun shiga farkon lokacin sanƙarau, a duba wannan ma. Kowa da sangensa da igiyar ɗaurawa, bakin kogi sauro ba ya hutu ko cikin sanyi. Masassara in ta taso a gwada jini a ranar, kada a ce bari mu yi addu'a mu ga gobe. A yi addu'ar a kan hanyar likita. Kafin tafiya a tambayi kowa shi kaɗai ko yana da sikila, asma, farfaɗiya ko gyambon ciki. Mai sikila ba ya kwaɓa laka cikin sanyin asuba, a ba shi littafin ma'aji ko kicin.

Ruwa shi ya fi kayar da baƙi. Mai aikin ƙarfi yana shan lita huɗu ko biyar a yini, don haka mutum goma sha biyar suna son bido huɗu na lita 20 na sha kaɗai. Ƙwayar Aquatabs ta bido, ɗaya a lita 20 na ruwa garau, a jira rabin awa. In ruwan ya yi gurɓi a tace da tsumma mai tsabta a sa biyu. Zawo in ya zo, fakitin ruwan gishiri da sukari ɗaya a lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. 'Yan mata biyar suna bukatar babbar mace tare da su, biyu ma ya fi, da ɗakinsu da makewayinsu daban. Kada matasa su raba wa mutanen gari magani, ko farasitamol ne.

Amma abin da ya sa na shigo maganar shi ne wannan. A gidajen da ruwa ya ci za su tarar da yara masu tamowa. Wata yarinya cikin naku za ta ɗauki jariri, ta ji ba nauyi, ta ga fatar cinyarsa ta yi laushi kamar tsohuwar riga, gashin kansa ya yi ja, ko kuka ba ya iya yi. Za ta yi masa addu'a da dukan zuciyarta. Wani lokaci yaron zai rasu kafin su bar garin. A nan ne bangaskiya ke yin zurfi ko ta tsage, kuma yawancin jagorori ba su shirya wa wannan dare ba.

Abu biyu za a yi. Na farko a koya musu abin da hannu ke iya yi: ɗan tef ɗin auna damtse na yara daga wata shida zuwa shekara biyar, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura, a gaya wa uwar da faston can a kai yaron likita a ranar. Wanda ya san abin yi ba ya nutsewa cikin jin cewa shi ba komai ba ne. Na biyu, kowane dare bayan tuwo a zauna rabin awa, ba wa'azi. Kowa ya faɗi abin da ya gani, da abin da ya yi masa nauyi. In wata ta ce ina Allah yake, kada a rufe mata baki da Romawa 8:28 a daren. A buɗe Zabura 13 ko Habakuk 1 a karanta tare, ta ga cewa bayin Allah sun yi wannan tambaya kafin ita kuma ba a kore su ba. Yaron da aka tsawata wa don ya yi tambaya, ba ya daina tambayar, wurinku kawai yake daina kawo ta.

Uwar Zumunta, Tawa

Ɗana, duk abin da aka faɗa maka gaskiya ne, amma igiyar da Malam ya ambata a gida ake ɗaura ta, kuma nan ne ikilisiyoyi ke sakaci. A tarbe su da waƙa, su ba da shaida Lahadi ɗaya, a tafa, shi ke nan.

Makon farko a bar su su huta. Yesu da kansa ya janye manzanni gefe da suka dawo, a Markus 6:31. Iliya bayan Karmel abinci da barci aka fara ba shi. Yaron da ya dawo ya ji komai ya yi masa salam, addu'a ba daɗi, ba ja da baya ya yi ba, gajiya ce, a gaya masa tun kafin ta zo.

Lahadi ta biyu su ba da rahoto gaban jama'a kamar yadda Bulus da Barnaba suka yi a Antakiya. A karanta lissafin kuɗi har dala ta ƙarshe, don tsohuwar da ta ba da nata ta ji inda ya shiga. A taimake su shirya maganar: su faɗi abin da Allah ke yi ta hannun mutanen can, da abin da suka koya daga gare su. In shaidar duka mun yi, mun ba su, mun cece su ce, girman kai ya riga ya shiga.

Cikin wata guda kowane ɗaya ya ɗauki aiki ɗaya a nan Tawa, mai suna da rana. Ba ina so in taimaki matalauta ba. Wance gwauruwa, ɗibar ruwa da cefane kowace Asabar. Ziyarar gidan kaso sau biyu a wata tare da dattijo. Koya wa yara uku karatu da yamma. A haɗa kowa da babba ɗaya, mace da mace, namiji da namiji, su riƙa ganawa. Duka ƙungiyar kuma ta haɗu sau ɗaya a wata har wata shida, a kira faston can a waya a ji ko ɗakunan sun tsaya, a yi wa mutanen addu'a da sunayensu. In za a sake tafiya baɗi, a koma garin nan dai. Zumunta a ƙafa take, kuma zuwa na biyu ne ke nuna wa yaro abin da taimakonsa ya gyara da abin da ya ɓata.

Ku sa ido kan waɗannan: wanda ya dawo ba abin da ke fita bakinsa sai a can kaza ake yi, mu nan ba mu da rai. Waɗanda suka zama ƙungiya cikin ƙungiya, suna dariyar abin da su kaɗai suka sani, har waɗanda ba su je ba su ji kamar Kiristoci ne na baya. Wanda ya yi tsit, ya daina zuwa. Da wanda tafiyar ta buɗe masa ido ga fita, ya fara neman lambar baƙi da zancen biza. Kowanne zama yake so da shi shi kaɗai, ba tsawa daga bagade ba.

Dattawa in suna son su san ko kuɗinsu ya haifu, kada su auna da hawayen ranar dawowa. Bayan wata shida a duba: yana zuwa sujada ba a aika masa ba? Baikonsa ya motsa? Gwauruwar da aka ba shi ta san muryarsa? Ya fi sauƙin aike a gidan ubansa?

Jagoran Matasa, Tawa

Na gode iyayena, Allah ya saka. Zan kai wa dattawa maganar Disamba da ta takardu. Tambaya ɗaya ta rage. Cikin sha biyun akwai wanda mahaifiyarsa ce ta rubuta sunansa, ya kusa shekara bai shiga majami'a ba, tana fatan tafiyar ta dawo da shi. A tafi da shi?

Malamin Makarantar Littafi, Yamai

Ka same shi shi kaɗai, ban da mahaifiyar, ka tambaye shi ko shi yana so. In ya ce a'a, a cire sunan ba tare da an kunyata shi ba, ka je ka rarrashi Mama da kanka. In ya ce i, sharaɗinsa ɗaya da na kowa: zaman shiri da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa. Irinsa kada su wuce biyu cikin sha biyu, in sun fi haka manyan za su ƙare da tsaron yara maimakon aiki. Ka haɗa shi da wanda ya fi kowa haƙuri, ba wanda ya fi kowa wa'azi ba. Ka ba shi aikin da ake gani, kamar kula da bidon ruwa da ƙwayar tacewa, abin da in ya yi sakaci kowa zai ji. Kada a sa shi addu'a a fili ko shaida sai in shi ya nema. In ya gaza a tsakiya, ku tuna Yahaya Markus ya bar su Bulus ya koma Urushalima, Barnaba ya sake ɗaukarsa, har daga baya Bulus ya rubuta wa Timoti ya zo da shi don yana da amfani gare shi. Babban da zai riƙe shi bayan dawowa kuwa, ka zaɓe shi tun yanzu, su fara gaisawa kafin a hau mota.